Mu Riƙa Auna Batirin Motar Asibiti Kafin Mu Fita

Jawabin da aka gabatar wa direbobi da 'yan rewaya a taron bita a Sharaɗa, Kano



Kun san motar asibitin tafi-da-gidanka da muke kewayawa da ita unguwannin ma'aikata a Sharaɗa, Challawa da Bompai. A cikinta akwai firji na allurar rigakafi, wanda wani batiri daban yake ba wuta idan an kashe inji. Dole maganin ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wata rana a Challawa firjin ya mutu da tsakar rana, muka sallami iyaye mata da jarirai ba allura. Da safe mita ta nuna mana volt 12, muka ɗauka batirin cike yake.

Kuskurenmu ke nan. Batiri mai ruwa idan ya cika ya huta, yakan nuna wajen 12.6. Idan ya sauka zuwa 12.2, rabi ya rage. Kuma yawan zuƙe shi ƙasa da rabi yana rage masa kwana, balle a zafin Afrilu.

Don haka ba volt kaɗai za mu duba ba, sai mun auna amfiya, wato yawan wutar da ke fita. Batiri mai lamba 100Ah, abin da ya kamata mu ci a ciki 50 ne. Idan firji da fanka suna jan amfiya 5, awa 10 ke nan, sai caji.

Wajen awo a kula da abu uku. Na ɗaya, wutar batiri DC ce, ba irin ta gida ba. Mita mai kama waya da baki, idan ta AC ce kawai, ba za ta karanta ba. Na biyu, waya ɗaya ake kamawa, ba biyu tare ba. Na uku, idan an cire kan negatif an saka ƙaramar mita a tsakani, kada a tayar da mota, domin yawancinsu amfiya 10 ne iyakarsu, fiyus zai ƙone.

Daga yau mun ajiye littafi a motar. Direba zai rubuta awo safe da yamma, ya sa hannu. Rigakafi ya fi magani.