Jira Da Fitila A Hannu



Hunturu ya kama, hazo ya rufe hanyar Kalgo, rana sai ta yi hantsi kafin a ga fuskarta. A irin wannan lokaci ne 'yan'uwanmu Kirista, har da na nan Kebbi, suke shiga makonnin da ake kira Adbent. Kalmar daga Latin take, ma'anarta zuwa, watau jiran ranar tunawa da haihuwar Almasihu. Ana farawa ne tun ran Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba.

A ƙasashen Turai lokacin yakan dace da duhun sanyi. A birnin Hambog na Jamus, yinin Disamba bai cika awa 8 ba, alhali namu ya ɗara awa 11. Can ne a 1839 wani malamin addini, Johann Wichern, mai kula da yaran talakawa, ya ga sun dame shi da tambayar yaushe ne Kirsimeti. Sai ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki, kullum a kunna ɗaya. Yau kyandir 4 ake sawa, kowace Lahadi a ƙara guda. Ku lura, a waje duhu ƙaruwa yake yi har 21 ga Disamba, a cikin ɗaki kuwa haske ne ke ƙaruwa. Mai jira ya sami abin yi, ya kuma san inda ya kwana a lissafi.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu. A 1805 jama'ar Shehu Usmanu sun sha mummunan kashi a Alwasa, har abokan gāba suka biyo su ƙofar Gwandu kafin a kore su. Bayan haka Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga halin wasu mutane ya sauya, ransa ya ɓaci, ya nufi gabas. Da ya isa Kano bai naɗe hannu ba, sai ya rubuta Liya'ul Hukkami, watau hasken masu mulki, daga baya ya komo gida. Littattafansa da dama da wannan kalma ta haske suka fara, har da tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili.

To, mu fa? Ɗalibin Nijeriya ya san jira. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bayansa akwai jiran sakamako, da na bautar ƙasa, da na aiki. Ba mu ke da ikon taƙaita waɗannan ba, kuma wajibi ne mu ci gaba da neman hakkinmu wurin hukuma. Amma abin da za mu yi da kwanakin yana hannunmu. Manomin fadamar Rima ba ya zaman jiran damina. Cikin wannan sanyi yake dashen albasa da shinkafa, yana ban ruwa.

Don haka nake roƙon kowannenmu ya ɗauki abu guda a kowane mako: littafin da zai sauke, ko sana'ar da zai koya, ko ƙanen da zai koya wa karatu a ƙauyensu. Haƙuri dabam, zaman kashe wando dabam. Komai nisan dare gari zai waye, amma wanda ya kwana da shiri shi ke riga kowa kama hanya.

Allah ya ba mu haƙuri mai amfani.