Zoɓo Mai Zafi Da Tuwon Dare A Lokacin Hunturu

 

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wata baiwar Allah a Goronyo. Ta ce tun da hunturu ya kama, maigidanta ya hana a dafa zoɓo, wai shi ke kawo mura. Tana tambaya, shin haka ne? In kuwa ba haka ba ne, da wane abinci ya fi dacewa?

To Malama, a gaishe da maigida, amma zoɓo bai yi laifi ba. Mura ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga wani, ƙurar hunturu kuma ta busar da maƙogwaro. Abin da za ki bari shi ne ƙanƙara. Ki tafasa zoɓonki da citta da kanumfari da ɗan masoro, ki tace, ki kawo shi da zafinsa kamar shayi.

Sai maganar abinci. Ƙa'idar guda ce: tsami shi ke yanke maiƙo. Turawan Faransa jan giya suke haɗawa da nama mai kitse a lokacin sanyi. Mu addini ya haramta mana wannan, Allah kuwa ya ba mu namu jan abin sha na halal. In kin yi farfesun tarwaɗar madatsar ruwan Goronyo, ko tuwon shinkafar Wurno da miyar taushe da naman rago, ko tuwon dawa da miyar kuka da man shanu irin na mutanenmu na Rabah, to kofin zoɓo mai zafi zai hana abincin ya ginshi mutum. Amma in miyar sure kika yi, kada ki ƙara zoɓo, don tsiro ɗaya ne, tsamin zai yi yawa. Nan kunun gyaɗa ya fi.

Shayi kuwa a bari sai bayan kamar awa 1 da cin abinci, domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Ga gargaɗi, ku saurara da kyau. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun fitar da binciken da ya nuna kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6 ya ɗan sauko da hawan jini. Saboda haka dattijon da ke shan maganin hawan jini ya tambayi likita tukuna, kada kuma ya ajiye maganinsa ya ce zoɓo ya isa. Mai juna biyu ita ma ta nemi shawara a asibiti. Sukari kuma a sassauta hannu.

Malama, ki karanta wa maigida wannan amsa cikin ladabi, ki miƙa masa kofi guda. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.