Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Manhajar Kowa Mai Jingine da Kayan Wani

 

Kwanakin baya wani ɗan'uwa mai sayen riɗi ya kai tsohuwar kwamfutarsa wajen wani yaro mai gyara a kasuwa, don yana so ya riƙa rubuta lissafin buhuna da basussuka a ciki. Yaron ya zuba masa Linux, ya ce wannan ba a biyan ko sisi, kuma ba na sata ba ne. Komai ya tashi lafiya lau, sai abu ɗaya: kwamfutar ta ƙi kama intanet. Ashe ɗan guntun da ke tada na'urar kama intanet ɗin mallakar kamfani ne, ba a sa shi cikin kayan ba. Abin da aka sa kawai ɗan aike ne, wanda zai je intanet ya ɗauko guntun. To, ina hanyar zuwa? Sai da suka jona waya da igiya suka ari intanet ɗinta, sannan aka rabu. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Bari mu fara da bambanci tsakanin kyauta da 'yanci, don nan ake ruɗewa. Facebook da WhatsApp ba ka biya kafin ka sauke su, amma ba naka ba ne, ba ka da ikon buɗe cikinsu ko ka gyara. Manhaja mai 'yanci kuwa, wadda Richard Stallman ya fara fafutukarta a 1983, an ba ka izini ka yi aiki da ita, ka duba yadda aka ƙera ta, ka canza, ka raba wa wanda ka so. Kamar a ba ka irin dawa ne a ce shuka, ka ajiye iri, ka ba maƙwabci.

Akwai masu aikin tattara irin waɗannan manhajoji, su ɗaure kowace a ƙunshi, su jera a rumbu ɗaya yadda za su zauna da juna ba rikici. Daga cikin manyansu akwai Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da ita, kuma ƙunshin da ke rumbunta ya haura 50,000. Ciwon kan mai ɗaure ƙunshi shi ne: ga manhaja mai 'yanci tsaf, amma ba ta motsi sai da wani guntu na kamfani wanda aka kulle. A ina zai ajiye ta? In ya sa ta cikin kayan kowa, ya yi ha'inci, tamkar mai zuba tsakuwa a gindin buhun riɗi. In ya yar da ita, ya hana mutane abin amfani.

Sai suka raba rumbun. Babban ɗaki, mai suna main, na kayan da ke da 'yanci tun daga sama har ƙasa, ba su jingina da komai na waje ba. Wani ɗaki, non-free, na kayan da masu su suka gindaya wa sharaɗi. Na tsakiya kuma, contrib, shi ne na zancenmu na yau: kayan na kowa ne, amma abin da suke dogaro da shi na wani ne. Ɗan aiken da ya ba ɗan'uwanmu wahala daga irin wannan ɗaki ya fito. Akwai wani ɗan aiken ma a can da ba ya komai sai ya je shafin SourceForge ya ɗauko haruffan rubutu na kamfanin Microsoft.

Kun ji na ambaci SourceForge? Mu a Sudan mun san sunan da ɗaci. Amurka ta sa wa ƙasar nan takunkumi a 1997, kuma a Janairun 2010 wannan shafi, wanda ke cike da manhajoji masu 'yanci, ya rufe ƙofa ga masu shiga daga Sudan da Iran da Siriya da Kuba da Koriya ta Arewa. Haka rumbun Google Play ya daɗe a rufe gare mu. Masu shekaru za su tuna yadda ake zuwa shagon mai waya a tura maka manhaja daga wata wayar, ba ka san hannu nawa ta bi ba. Sai a Fabrairun 2015 aka sassauta kan manhajojin sadarwa, aka ɗage yawancin takunkumin a Oktoban 2017. A duk tsawon shekarun nan, abin da ke cikakke a ƙunshinsa ana iya kwafa a faifai a ba ɗan'uwa, ya yi aiki. Wanda sai an aika ƙofar wani kuwa, yana ga mai ƙofar.

Shekara da shekaru mutanen Debian na gardama kan guntayen nan masu tada na'ura. Wasu suka ce ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga faifan girkawa. Wasu suka ce me amfanin tsarkin da ya bar talaka da kwamfuta kurma? A 2022 suka kaɗa ƙuri'a, masu sassauci suka yi rinjaye. Daga Debian 12, wadda ta fito a Yunin 2023, faifan na zuwa da guntayen a ciki, an ware musu ɗakinsu daban da sunansu, kuma wanda ba ya so yana iya hana a girka masa. Ƙungiyar Stallman ba ta sa Debian cikin jerin waɗanda ta yarda da su ba, tana nuna wa mutane irin su Trisquel.

Ni dai ra'ayina, Debian ta yi daidai. Wanda ke zaune inda intanet ba ya yankewa zai iya cewa a je a sauke daga baya. Mu da muka ga yadda layi ya ɗauke ɗif a Fabrairun 2024, mun san daga baya ɗin nan wani lokaci makonni ne. Amma masu tsaurin ma ba shirme suke ba. Guntun da aka kulle, in ya lalace ba mai iya gyara shi sai kamfaninsa, in kamfanin ya daina kula da tsohuwar na'urarka kuwa shi ke nan. Don haka a sa, amma a rubuta a bayan buhu abin da ke ciki.

Na san mafi yawanku waya ce a hannunku, ba kwamfuta ba. Zancen ɗaya ne. Tushen Android a buɗe yake, amma manhajoji da yawa, har da wasu masu 'yanci, suna jingine da hidimomin Google don taswira ko sanar da kai shigowar saƙo. Shi ya sa sababbin wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019, da yake ba su da waɗannan hidimomi, wasu manhajoji ke yin gardama a kansu. Akwai rumbu mai suna F-Droid, na manhajoji masu 'yanci na Android, wanda ke liƙa gargaɗi a kan duk wadda ta dogara da kayan kulle ko hidimar wani kamfani.

Saboda haka malam makiyayi, da kai Alhaji mai fatauci, in za a zuba muku manhaja kafin tafiya, ku tambayi yaron: tana aiki ba intanet? Akwai abin da za ta nema daga baya? In taswira ce, kamar OsmAnd, a sauke ta yankinku gaba ɗaya, da ta ɓangaren Habasha in can kuka nufa. Sannan ku kashe intanet ɗin a nan gaban mai shago, ku buɗe ta ku gani da idonku kafin ku biya shi ladan aikinsa.