Awo Kafin Gyara: Darasi daga Durƙushewar Shafin HealthCare.gov



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kula da sabar a ranar fitar da sakamakon jarrabawa ko ranar rufe rajista ya san yadda lamarin yake: shafi ya ƙi buɗewa, kira yana ta shigowa, shugabanni suna cewa a ƙaro inji. Matsayar wannan takarda ita ce ƙarin inji mataki ne na ƙarshe, awo shi ne na farko. Zan kafa hujja da abin da ya faru a Amurka a 2013.

Abin da ya faru

Ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Shugaba Barack Obama ta buɗe HealthCare.gov domin jama'a su sayi inshorar lafiya. An yi hasashen mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga kimanin 250,000. A ranar farko mutum shida kacal suka kammala rajista. Sai dai ba yawan jama'a kaɗai ne ya kayar da shafin ba, domin tun kafin buɗewa ya durƙushe a gwajin mutane 'yan ɗaruruwa. Ga shi kuma an wajabta wa kowa buɗe asusu kafin ya ga farashi, don haka mai saye da mai leƙe duk suka cushe a ƙofa guda.

Da aka damƙa wa Jeffrey Zients jagorancin gyaran, cikin waɗanda aka gayyato har da Mikey Dickerson, injiniya daga Google. Sun tarar kamfanoni da dama na aiki a kan shafin, amma babu allo guda da ke nuna lafiyarsa baki ɗaya. Da kafa wannan allo suka fara. Bayan sun ga inda ciwon yake, suka sanya ma'ajiyar wucin gadi a gaban rumbun bayanai, suka gyara kurakurai sama da 400, suka ƙara injuna inda awo ya nuna. Zuwa 1 ga Disamba, jiran buɗe shafi ya sauko daga daƙiƙa takwas zuwa ƙasa da ɗaya.

Lissafin cunkoso

A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: yawan buƙatun da ke cikin tsari daidai yake da yawan masu shigowa a daƙiƙa, sau tsawon zaman kowace. Mu ƙaddara buƙata 200 na shigowa kowace daƙiƙa, kowace tana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Layukan haɗi 20 sun wadatar. To, a ce wata tambaya ga rumbun bayanai ta yi nauyi har kowace buƙata ta koma cin daƙiƙa biyu. Yanzu layi 400 ake nema. Idan 100 aka tanada, sun ƙare nan take, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. Masu jira kuwa sai su yi ta sake latsawa, nauyi ya ninka. A wannan hali injin sabar yana iya zama kusan ba ya aikin komai, jira kawai yake yi. Ƙaro irinsa tamkar ƙara jarkoki ne a bakin famfo guda.

Matakan bincike

Na ɗaya, a auna abu huɗu: yawan buƙatu, tsawon jira, yawan kurakurai, da cikar kowane sashe. Kada a dogara da matsakaicin lokaci, domin yana ɓoye wahalar waɗanda suka fi daɗewa suna jira. Na biyu, a bi buƙata guda daga shigarta har fitarta, a ga inda ta fi daɗewa. Na uku, a sauya abu ɗaya, a sake awo, sannan a taɓa na gaba. Na huɗu, a ƙayyade wa kowace buƙata wa'adi, a kuma tanadi layin jira, kamar yadda aka yi wa HealthCare.gov, domin gara a sallami wasu da kyau da kowa ya rasa.

Kammalawa

Bayan kowace buƙata da ta maƙale akwai mutum: mai neman magani, ko ɗalibin da wa'adi ke shirin wuce shi. Saboda haka ina kira ga duk hukumar da za ta karɓi manhaja daga ɗan kwangila ta sa sharaɗi biyu a yarjejeniya: gwajin nauyi da ya zarce abin da ake hasashe, da allon sa ido da ke aiki tun kafin ranar buɗewa.