Jawabin Magatakardan Liman a Kan Itatuwan Filin Masallaci



Allah ya gafarta Malam, ranka ya daɗe Mai Unguwa, iyayenmu dattawa, da dukan waɗanda suka ba da dukiyarsu domin wannan gini, Allah ya saka muku da alheri. Bayan haka, Malam ya umurce ni in yi bayani a kan itatuwan da ke cikin filin nan, domin maganarsu ta daɗe a gaban kwamiti, har wasu suka ce mun tsaya gardamar tsamiya alhali kuwa masallaci muka zo ginawa.

A filin nan akwai darbejiya uku, da tsamiya guda ta wajen kudu, wadda da yawanmu a gindinta muka yi karatun allo. Da mai awo ya ja igiya, sai darbejiya biyu suka faɗa cikin harsashi, katangar haraba kuma ta bi ta kan tsamiya. Aka yanke shawara a sare biyun nan, a karkata katanga a bar tsamiya. Karkatawar za ta ci bulo da siminti fiye da yadda aka ƙiyasta, kuɗin kuwa naku ne, saboda haka ya wajaba ku ji dalili.

Sare itace domin masallaci ba laifi ba ne. Filin da aka gina masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina cikin shekarar hijira, watau 622, na waɗansu marayu biyu ne, kuma akwai dabino a ciki. Aka sare, aka jera kututturan ta wajen alƙibla. To, amma wannan larura ce. Ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunar da ya aika Sham sare itace mai ba da 'ya'ya. In an hana mayaƙi a fagen fama, ina ga magini a filin waƙafi?

Ni dai ba gatari na fi jin wa tsamiyar nan tsoro ba. Saiwoyin da itace ke sha da su ba su da zurfi ƙwarai, kuma sukan bazu har su wuce iyakar inuwarsa. In tifa ta yi ta taka wurin, ƙasa ta daddale, ko aka riƙa kwaɓa siminti a gindinsa ruwan yana tsuma, itacen zai tsaya kore shar kamar babu abin da ya same shi, sa'an nan ya bushe daga baya. Haka muka yi hasarar kanyar gidanmu. Leburori suka ga inuwa, suka mai da ita wurin kwaɓi, mu kuma muka yi shiru don kunya. Damina ta biyu ba ta yi toho ba.

Saboda haka za a kewaye tsamiyar da shinge daidai iyakar inuwarta. Ba a kwaɓi a ciki, ba a jibge yashi, mota ba ta shiga. Muna roƙon shugaban magina ya ja kunnen yaransa tun yau.

Biyun da za a sare kuwa, za a dasa biyar a madadin kowace, cikin watan Yuli in ruwa ya zauna, nesa da bango kamar taku goma, domin saiwar darbejiya tana tsaga gini. Za a ja kwatar wurin alwala ta bi ta gindinsu, a yi wa kowace keji saboda awaki. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 su ne suka fi matsa wa wannan magana, ba kuwa su ne za su sha inuwar ba.

Abin da ya rage shi ne masu ban ruwa a ranin farko, kafin a fara alwala a wurin. Wanda ya ɗauki nauyin dashe guda, ya same ni a zauren Malam bayan La'asar in rubuta sunansa.

Allah ya sa mu ga kammalawar wannan gini lafiya, amin. Wassalam.