Dutsen da Ke Ƙarƙashin Rijiyarmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshe a Ruwan Bago



Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haƙa rijiya a ƙasar Karaye da Rogo ya san ƙarar diga idan ta tarar da dutse. Ɗalibanmu kan tambaye mu daga ina dutsen ya fito, mu kuwa sau tari sai mu kau da zancen. Amsar tana da nisa, amma a gida za ta ƙare.

Masana sun tabbatar cewa nahiyoyi suna tafiya a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, Indiya ta yi karo da Asiya. Da yake dutsen nahiya ba shi da nauyin da zai nutse can ƙasa, sai ɓawon ƙasa ya nannaɗe, wani ya hau wani, kaurinsa ya tashi daga wajen kilomita 35 zuwa 70. Kamar yadda ƙaton gungume ya fi siririn itace tasowa bisa ruwa, haka ɓawo mai kauri ke ɗagowa. Ta haka tudun Tibet ya haura mita 4,500, kuma har yau Indiya ba ta daina turi ba.

Irin wannan karo ya auku a nan, wajen shekara miliyan 600 baya, lokacin da tsohuwar doron Afirka ta Yamma ta haɗu da yankin da muke zaune a kai. Manyan duwatsu suka tashi, ruwa da iska suka cinye su, saiwarsu ce ta rage. Ita muke gani a Kufena ta Zariya, ita kuma mai haƙa ke tararwa. Shi ya sa ruwanmu na ƙasa yake maƙale a tsaguwa da ruɓaɓɓen dutse: burtsatse ɗaya ta kawo ruwa, ta kusa da ita ta fito a bushe, kuɗin jama'a ya tafi.

Rashin kayan aiki ba zai hana mu koyar da wannan ba. Mu shimfiɗa tabarma, yara biyu su tura ta daga gefe da gefe, aji ya ga yadda take tasowa. Mu kawo bahon ruwa da itace biyu, mai kauri da siriri. Yaron da ya ga haka, gobe idan garinsu zai haƙa rijiya, shi zai ce a fara auna ƙasa tukuna.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.