Maƙoƙo, Gishiri da Girman 'Ya'yanmu: Jawabi a Taron Shekara

 

Yawancinmu mun tashi muna ganin maƙoƙo a wuyan iyayenmu mata, muna ɗaukarsa ƙaddarar da ba ta da dalili. Alhali kuwa kumburin wani ɗan ƙululu ne da ke gaban wuya, wanda likitoci ke kira tayirod. Aikinsa shi ne haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, kuma lambobin nan adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowannensu. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai ƙululun ya yi ta faɗaɗa yana neman abin da babu.

Abin da ya fi kumburin damuna shi ne wanda ido ba ya gani. Yaro ba ya girma sai an aika wa ƙwayoyin halittar jikinsa umarni. Wani ƙululu a ƙasan ƙwaƙwalwa yakan saki sinadarin girma, hanta ta amsa da nata saƙon mai suna IGF-1, shi kuma ya tsaya a ƙofar ƙwayar halitta ya yi sallama, a riƙa miƙa maganar hannu zuwa hannu har cikin ɗaka. T3 kuwa ɗan gida ne, kai tsaye yake shiga cibiyar ƙwayar, inda yake buɗe wasu umarnin gado ya rufe wasu. A shekarar 2005 masana a Amurka suka gano cewa T4 ma yana da tasa ƙofar a bangon ƙwayar, kuma saƙonsa yana bin layin da saƙon girma ke bi. Ashe manzannin biyu ba rabe suke aiki ba. In ɗaya ya yi rauni, ƙashi ba ya tsawo yadda ya kamata, ƙwaƙwalwar ɗan tayi kuma ba ta ginuwa sosai, kuma wannan gini ba ya jiran kowa. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san yaron da ake yi wa bulala kan rashin fahimta, alhali wani lokaci tun yana ciki aka tauye shi.

Babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu 250. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Sai dai gishirin gargajiya ba a sanya masa, wanda aka sanya wa kuma yakan yi asararsa idan ya daɗe a buɗe cikin rana da danshi. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ƙara dagula lamarin, domin yana hana ƙululun ɗaukar aidin.

Roƙona ga ƙungiya shi ne, cikin kayan azumin da kuke aikowa gida, a sa gishirin leda mai tambarin aidin, a fara da gidajen masu ciki da masu shayarwa. Wanda kuma mahaifiyarsa ke da kumburin wuya, ya kai ta asibiti a auna jininta kafin a ba ta kowane magani, domin ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba.